Inuwar Tagogi a Hull

Fam arba'in na biya.
Laburaren unguwa ne ya rufe, aka yi gwanjon kayansa,
na rungumo ta a bas
kamar mai dawowa da tunkiya daga kasuwa.
Har yau da takarda manne a gefenta:
minti talatin kowane mutum, a bar wa na baya.

Shekarunta goma sha uku.
Manyan manhajoji suka hau ta, ta durƙushe,
fankarta na haki kamar mai hawa bene da buhu a ka.
Na sauke su kaf.
Na nemo ɗan ƙaramin mai jera tagogi,
ba ci da yawa, ba surutu,
aikinsa kawai ya ce: ke gaba, ke baya,
ke kuma yi wa 'yar'uwarki inuwa.

Na taso aikin dare wajen ƙarfe shida,
hannuna na ƙarnin kifin da na kwana ina jerawa a kwali.
Barira na barci, uwarta na barci,
bututun ɗumama ɗaki na ƙwanƙwasa bango.
Na buɗe fayil ɗin saiti.
Rubutu ne zalla, layi ɗari da 'yan kai.

Layin inuwa na fara nema.
Tun Nuwamba rabona da ganin tawa a garin nan,
rana na leƙo Hull kamar wadda ake bi bashi.
Na rubuta: faɗi goma sha biyu, duhu rabi,
ta karkata hagu kaɗan
yadda ta darbejiyar ƙofar gidanmu a Malumfashi
take kwanciya bayan la'asar.
Na adana. Na sake tashin sa.
Sai ga kowace taga zaune kan inuwarta.

Daga nan kwaɗayi ya shigo.
Na ce gefuna su zama shara-shara,
abin da ke baya ya yi dishi-dishi,
taga in za ta rufe ta dusashe a hankali
kamar baƙon da ba ya son tafiya.
Fanka ta fasa kuka.
Allo ya yi baƙi ƙirin,
ba kowa a ciki sai wani mutum mai furfura a gemu
yana kallona, da hular sanyi.

Minti arba'in ina bin layi da yatsa.
Waƙafi mai ruwa ne, guda ɗaya tak,
na manta a layi na hamsin da bakwai.
Na mayar da shi. Na cire dishi-dishin.
Daidai ruwa, daidai tsaki.

Saura abu ɗaya, shi ne ma dalilin zaman.
Duk Juma'a in Yaya Lantana ta kira,
da ta juya kai sai hotonta ya yage a tsakiya,
goshi ya yi gaba, haɓa na biye,
ina yi wa rabin fuska sannu da jiki.
Ashe maganin kalma ɗaya ce.
Inda aka rubuta ƙarya na goge, na sa gaskiya,
ma'ana: jira allo ya gama zana wannan hoton
kafin ka miƙa masa wani.
Na kunna tsohon bidiyonta na Sallar bara.
Ta yi dariya, ta juya kai,
fuskar ta tafi tare.

Ƙarfe takwas saura, Barira ta fito da kayan makaranta,
burodi a baki, za ta duba aikin lissafi.
Na tsaya a bayanta ina jiran yabo.
Ta ja tagarta gefe, inuwar ta bi ta.
Ta ƙura ido,
ta ce Baba, allon nan ya yi datti,
ta sa hannun riga tana gogewa.

Waje ana yayyafi.
Na ce bar shi, ba ya fita.